Abin da Hannun Tamba Ya Sani

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, in mace ta rasu, kafin labari ya kai ga dangi na nesa ya riga ya kai ga Tamba. Ita ce mai wankan gawar mata. Ta haura shekara ashirin tana wannan aiki, tun tana tsayawa a gefen wata goggonta da ta riƙe ta tana miƙa mata buta. Ba da shi take cin abinci ba. Abincinta shinkafa ce. Ƙanwarta Baiwa da ke aure a Gulma ita ke sayen shanshera, shinkafar da ba a sheme ba, daga manoma, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta ɗoro buhuna a mota, Tamba kuma ta zauna a ƙofar gida tana auna wa mutane mudu-mudu. Da haka ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da haka ta kai 'yarta Nazifa har kwalejin fasaha.

Gajeriya ce, mai kaurin damtse, magana kuwa sai ka ce da kuɗi take sayen ta. Tana da wata 'yar jaka ta buhu a bayan ƙofa wadda ba a taɓa mata, cikinta akwai garin magarya da kafur da sabulu da tsummokin naɗe hannu. In aka aiko, sai ta kife mudu a kan buhu, ta yafa mayafi, ta ɗauki jakar ta fita. Goggon nan tata ta koya mata yadda ake juya mamaci ba a wahalar da shi ba, ta kuma koya mata abin da ya fi wannan nauyi: duk abin da idonta ya gani a ɗakin wanka a nan za ta bar shi, kamar ruwan da ya zuba ƙasa ta shanye. Tamba ta riƙe wannan da haƙori. An sha yi mata bugun ciki. Uwar miji ta sha jan ta gefe, dangin mamaciya sun sha tare ta a zaure suna son jin ko akwai shatin duka. Amsarta ɗaya ce ga kowa: ta yi kyau, Allah Ya jiƙanta.

Wannan kam ba abin zargi ba ne, amana ce. Abin haushin shi ne abin da mu matan unguwa muka mayar da shirunta. Tunda ba ta faɗin abin da ta gani, sai muka ɗauka ta ga komai. In Tamba ta ce a yi, ba mai tambayar dalili. In ta ce a bari, an bari.

Ta ga abubuwa kuwa. Cikin shekarun nan ta wanke mata bakwai ko takwas waɗanda aka yanke musu nono ɗaya, ƙirjin ya shafe, ga dogon tabon ɗinki ya ratsa har hammata. Dukansu ciwon daji ne, dukansu an kai su babban asibiti, dukansu kuma ba wadda ta cika shekara bayan dawowarta. Tamba ba ta gaya wa kowa ba, amma ta ƙidaya a zuciyarta. Sai ƙidayarta ta zo daidai da abin da ake faɗa tun kaka da kakanni, cewa daji ba ya son ƙarfe: da wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu a jiki. Sauran mutane ji suka yi. Ita a ganinta shaida gare ta, da hannunta ta shafa.

Damina biyu kafin abin da za a ba da labari, Baiwa ta zo Birnin Kebbi suna. Da safe, bayan an watse daga karin kumallo, ta ja yayarta ɗaki ta sakaya ƙofa, ta kama hannunta ta ɗora a gefen nononta na hagu. Wani ɗan ƙullutu ne, bai wuce ƙwayar wake ba, mai tauri, ba ya ciwo. Ta ce ta nuna wa ma'aikaciyar ƙaramin asibitinsu, ita kuma ta rubuta mata takarda ta ce lallai ta je babban asibiti a duba. Ga takardar ma a ƙulle a bakin zane.

Tamba ta karɓi takardar, ta ninke ta huɗu, ta buɗe langar da ke can ƙasan jeren kwanukanta ta jefa ta ciki ta rufe.

"Muddin ina da rai ƙarfe ba shi taɓa ki," in ji ta. "Na san abin da ni sani."

Baiwa ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Dama tsoro take ji, ga shi kuma wadda ta fi kowa sani ta ba ta izinin ta bi tsoronta.

Mutum ɗaya ce ta ɗaga murya, ita ma sau ɗaya. Adesewa, wadda kowa ke kira Maman Fisayo, Bayarabiya ce mai shagon robobi da kwanuka daura da gidan Tamba. Shekararta talatin a Kebbi, Hausa a bakinta har da karin Kabawa. Tsakaninta da Tamba akwai miƙa tuwo ta katanga da ajiyar mabuɗi, 'ya'yansu Nazifa da Fisayo kuma tare suka tashi, tare suke karatu. Da ta ji zancen, sai ta bar shago ta tsallako ta ce a kai yarinyar nan asibiti, kada a yi wasa. Tamba ta dube ta sama da ƙasa, ta ce mata ita robobi ta sani, jikin mutum kuwa ta bar wa waɗanda suka san shi. Maman Fisayo ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta gyara ɗaurin zanenta ta koma shago.

Daga nan aka shiga neman magani. Kada wani ya ce Tamba ba ta yi wahala ba. Duk kasuwar da aka ce akwai mai sassaƙe ta je. An shafa, an sha, an yi hayaƙi, an yi tofi. Ƙwayar wake ta zama goro, goro ya zama ƙwan zabo. Fatar wurin ta yi ƙuraje-ƙuraje kamar bawon lemu, daga baya ta fashe. Baiwa ta daina turara shinkafa don tururin tukunya yana sa ta jiri, hannun hagu kuma ya kumbura ba ya ɗaga matankaɗi. Duk da haka in Tamba ta je dubiya sai ta ce ai dafin ne ke fita, a ƙara haƙuri. Ta yarda da abin da take faɗa, nan ne masifar take.

Ranar wata Asabar, farkon damina, ƙungiyar ɗaliban da su Nazifa ke ciki, ta masu karatun gwaje-gwajen kimiyya, ta shirya tafiya Argungu. Wasu ma'aikatan lafiya ne suka ari wani ɗaki a gidan tarihin garin suka baje kayan wayar da kai kan ciwon daji na mako guda. Tamba ba ruwanta da wannan. Abin da ta ji kawai shi ne akwai bas da za ta Argungu, ga kujera ba mai ita, ita kuma tana da galan ɗin sabon tsimi da za ta kai wa Baiwa. Daga Argungu sai ta hau kabu-kabu ta ƙarasa Gulma. Nazifa ta yi ta magiya ta bari, wai za a yi mata dariya a ce ta zo da uwarta. Tamba ta ce wanda ya ga dama ya yi dariyar har haƙoransa su zube. Fisayo, da yake ita ce sakatariyar ƙungiya, ta rubuta sunan Tamba a ƙarshen takarda tana murmushi.

Ba su wuce Ambursa ba aka fara. Wani dogon yaro mai suna Abdulmuhaimin, wanda tun daga tasha bakinsa bai huta ba, ya leƙo ta bayan kujera ya gaishe ta da ladabin ƙarya, ya ce bai taɓa ganinta a aji ba, ita 'yar shekara ta nawa ce.

"Ni malama ce," in ji Tamba, ko juyowa ba ta yi ba. "Ajin ƙarshe nike riƙe da shi, kowace ɗiya a motar ga sai ta zo hannuna. Kai dai ka tsira, ba ni karɓar maza."

Sai da Nazifa ta rufe fuska ta faɗi aikin uwarta sannan motar ta kwashe da dariya, 'yan matan suna neman tsari, Abdulmuhaimin yana cewa ya tuba. Daga nan har Argungu Mama ake ce mata, aka yi ta miƙo mata biskit da ruwan leda.

Niyyarta ta sauka a tasha, amma direba bai tsaya ba sai ƙofar gidan tarihi. Rana ta take, hadari ya taso ya fasa, zafi kamar a tukunya. Nazifa ta ce ta shigo ta sha inuwa, in an ci abinci ta wuce. Haka ta bi bayansu da galan a hannu, ta wuce takubba da garkuwoyin mutanen da, ta wuce homa da gorunan masunta da ɗalibai ke ta ɗaukar hoto a gabansu kamar ba jikokin masu su ba. A ƙarshe suka shiga ɗakin da aka zo dominsa. Hotuna ne a bango, na huhu da hanta da mahaifa, ga fanka tana juyawa. Tamba ta sami benci a ƙarƙashin fankar ta zauna, ta sa galan tsakanin ƙafafunta.

Mai yi musu bayani wata ma'aikaciyar jinya ce mai furfura, Sista Sharifa, irin matan nan da ba su da lokacin kunya. Bayan ta zagaya da su bango, ta kai su wani tebur ta yaye ƙyalle. Nono ne na roba, girman na mace sosai. Samarin suka hau kallon silin, 'yan matan suka hau ƙyaƙyata. Sista ta ce su gama dariyar su zo, akwai ƙullutu biyar a ɓoye a ciki, tana son ta ga mai gano su. Aka yi layi. Wata ta sami biyu, wata ɗaya. Fisayo ta sami uku aka yi mata tafi.

Tamba tana kallo daga benci, haushi yana cin ta. Tsokana suke yi da kan yatsa kamar masu zaɓen tumatir a kasuwa. Ba ta san sanda ta miƙe ba. Ta ce su matsa, ba haka ake taɓa jiki ba. Ta shimfiɗa yatsu uku, ta lumshe ido, ta bi a hankali tana zagayawa daga waje zuwa ciki, ta gangara har inda hammata za ta kasance. Ga ɗaya. Ga biyu. Ga uku, ga huɗu. Na biyar yana can ƙasa, a gefe, ɗan mitsitsi mai tauri. Da yatsanta ya sauka a kansa sai ta ji kamar an watsa mata ruwan randa a baya, don ta san shi. A ɗakinta ta taɓa shi, da ƙofa a sakaye.

Ɗalibai suka ɗauki tafi, Abdulmuhaimin yana cewa a ba Mama satifiket. Sista Sharifa ta ce yau kwana biyar ba wanda ya sami na biyar ɗin, ta tambaye ta ko ungozoma ce. Tamba ta girgiza kai. Ba ta ɗauke yatsanta daga wurin ba.

Sista ta ɗaga wani zare da aka jera wa duwatsun katako, daga ƙarami kamar wake har babba kamar ƙwan kaza. Ta ce ba kowane ƙullutu ne daji ba, shi ya sa ake gwadawa. Amma in shi ne, wadda ta zo yana wannan ƙaramin, da yardar Allah mafi yawansu ana yi musu aiki su tashi su ci gaba da rayuwarsu. Matsalar ita ce matanmu ba sa zuwa sai ya wuce babban nan, ya fashe, ya shiga ƙashi. Abdulmuhaimin ya ɗaga hannu, wannan karon ba wasa, ya ce kakarsa tana cewa daji ba ya son ƙarfe, kuma ita ma maƙwabciyarsu da aka yi wa aiki ba ta daɗe ba.

"Ku 'yan fadama ne," in ji Sista. "In ruwa ya riga ya cinye shinkafa, sannan ka kawo jirgi ka tsamo abin da ya saura, jirgin ne ya ɓata gonar? Ba a kawo mana su sai ya gama watsuwa, mu yi abin da za mu iya, in sun rasu a ce wuƙa ce. Waɗanda suka zo da wuri kuwa suna nan cikinku. Suna kasuwa, suna gidan biki, kuna gaisawa. Ba ku gane su don da riga a jikinsu."

Da riga a jikinsu. Tamba ta koma benci ta zauna. Ita ba ta taɓa ganin ƙirjin mace a buɗe ba sai wadda ta riga ta cika. Duk mai tabon da ta zo hannunta dole matacciya ce, in ba haka ba me zai kawo ta? Shekara ashirin tana ƙidaya waɗanda suka mutu, ba ta taɓa tambayar kanta ina waɗanda ba su mutu ba. Mace mai wayon da ba a cutarta ko da rabin mudu, wannan ɗan lissafin ya wuce ta.

Da ɗalibai suka fita cin abinci, ta tsaya ta tambayi Sista a hankali: wadda nata ya shekara biyu, har ya fashe fa? Sista ta dubi fuskarta, ta dubi galan ɗin da ke ƙasa. Ba ta yi mata faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce a kawo ta babban asibiti ran Litinin, kada a kai Talata, amma ba ta yi mata alkawarin komai ba.

A gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin titi Tamba ta bar galan ɗin, ta tare kabu-kabu. Hanyar Gulma ta ratsa fadama, ko'ina mutane sun duƙa suna dashen shinkafa, ba ta ga ko ɗaya ba. Ta tarar da Baiwa a kan tabarma a inuwar rumbu, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, an rufa mata mayafi saboda ƙudaje. Warin ciwon ya tarbe ta tun daga zaure. Mijinta Hodi yana gona. Abin da Baiwa ta fara tambaya bayan gaisuwa shi ne ina maganin.

Tamba ta zauna ta faɗa mata komai, da robar, da zaren, da zancen jirgi. Ta ce ta shirya, jibi za su asibiti. Baiwa ta saurara har ƙarshe, sannan ta ja mayafinta ta rufe ƙirji da hannu mai lafiyar.

"Yaya, ba ke kinka ce ƙarfe na kashewa ba? Ke da kinka gani da idonki?"

"Na gani, amma ban gani duka ba."

"Shekara biyu ina shan ɗaci bisa maganarki. Yanzu don kin taɓa roba wuni ɗaya, sai in tai a yanka ni? Ko kin gaji da jinya ta ne?"

Wannan kalma ta shiga Tamba fiye da mari. Ta yi rantsuwa, ta yi lallashi, har ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ita ce ta yi kuskure. Baiwa ta juya fuska ga rumbu. Da Hodi ya dawo da laka har gwiwa, ya ce shi duk abin da Yaya ta ce shi ne, amma ba zai ɗauki mace a ka tana kuka ba. Katangar da Tamba ta gina da hannunta ta yi ƙarfin da ita kanta ta kasa rushe ta.

Litinin ɗin ta zo ta wuce. Ran Talata da hantsi Tamba ta kife mudu ta tsallaka shagon Maman Fisayo, abin da rabonta da yi da niyyar zama tun ranar da ta gwasale ta. Ta zauna a kan wani bokitin roba ta zayyana mata, ba ta rage komai ba. Maman Fisayo ta ji ta har ƙarshe. Ta tashi ta leƙa titi, ta ja ta bayan shago inda ake tara kaya, ta saki labule. Ta ɗaga rigarta, ta zaro wani dunƙulen soso da aka ɗinke cikin ƙyalle ta ajiye a kan kwali. Ta kama hannun Tamba ta ɗora a wurin.

Tabon ne dai, shi ɗin da ta sani, dogo, ya ratsa har hammata. Sai dai wannan da ɗumi, kuma ƙarƙashinsa zuciya tana bugawa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, in ji Maman Fisayo. Lokacin da ta tafi garinsu ta yi wata takwas aka ce jinyar uwarta take, ita ce a kwance. Daga mijinta sai Fisayo suka sani.

"Kina da wanga abu a jikinki, kinka bar ni ina zuba wauta? Mi ya hana ki nuna min tun ran nan?"

"Maman Nazifa, ke kin bar ni na rufe baki? Ce min kika yi robobi na sani." Ta mayar da soson tana gyara riga. "Kuma na ji tsoro. A garin nan in aka ji, sunana ya zama mai nono ɗaya. Wa zai auri 'ya'yana? Ce za a yi abin gado ne."

To ga su nan, mata biyu masu hankali, katanga ɗaya tsakaninsu, suna ba juna gishiri da garwashi. Ɗaya ta ga matattu ta yi shiru don amana, ɗaya ta rayu ta yi shiru don kunya, Baiwa kuma tana Gulma tana ruɓewa a tsakanin shirun nan biyu. Kuma kada mu sauran mu wanke hannu. Tsoron bakinmu ne ya sa matar nan ta shekara goma sha ɗaya tana cusa soso a riga.

Washegari Maman Fisayo ta rufe shago, abin da ko ranar Kirsimeti ba ta cika yi ba, suka hau mota tare. A ɗakin Baiwa, Maman Fisayo ta sake ɗaga riga. Baiwa ta daɗe tana kallo, ta miƙa hannu ta shafa tabon tun daga farkonsa har ƙarshe. Sai ta yi 'yar dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji daga bakinta ba, ta ce ashe duk ƙirjin nan da Maman Fisayo ke turo wa mutane in ana ciniki rabinsa katifa ce. Suka yi dariya su uku har da hawaye. Da dariyar ta lafa, Baiwa ta ce a ɗauko mata zanenta mai kyau.

Da suka iso Birnin Kebbi, Tamba ta buɗe langar nan ta ciro takardar. Tana nan yadda ta ninke ta, sai ɗan tsatsa da ya kama gefe. A babban asibiti likitan ya buɗe ta, ya duba kwanan watan da ke sama, ya sake dubawa, ya ɗaga kai ya tambayi inda takardar ta tsaya duk wannan lokaci. Tamba ta ce a wurinta. Aka yi hotuna, aka ɗebi jini, aka yi kwanaki ana jira. Ranar da sakamako ya fito ya kira Tamba da Hodi ya ce abin ya shiga ƙashin baya, ya taɓa hanta, aiki ba zai yi amfani ba yanzu. Za su wanke ciwon, su ba ta abin da zai kwantar da zafin.

Sun yi hakan kuwa. Warin ya ragu, Baiwa ta sami barcin da rabonta da shi tun bara, har ta nemi fura. Bayan mako uku ta ce a mayar da ita gida ta ga shinkafa. Tamba ta bar wa Nazifa mudu da buhu ta koma Gulma da zama. Ba ta taɓa jin Baiwa ta ɗora mata laifi ba bayan ranar nan ta gindin rumbu. Sau ɗaya dai, tana shafa mata mai a ƙafa, Baiwa ta ce da ma sun san Maman Fisayo da kyau tun da. Tamba ta ci gaba da shafa man.

Ta rasu ranar wata Alhamis da safe, ana tsakiyar yankan shinkafa. Matan gidan suka ce a kira wata ta yi wankan, kada abin ya yi wa Tamba yawa. Ta ce ba mai taɓa mata ƙanwa. Ta jiƙa magarya, ta naɗe hannu, ta yi mata yadda ta yi wa ɗaruruwa, a hankali, tana juya ta kamar mai gudun ta farka.

Da ta fito, maza sun ɗauki makara, tsakar gida cike da mata. Tana wanke hannu a bakin rijiya ta ji wata tsohuwa tana faɗa wa na kusa da ita, ba ma da ƙaramar murya ba, cewa ai dama an faɗa: shekara biyu yarinya tana lallaɓawa da na gargajiya, ana kai ta asibiti ko wata huɗu ba ta ƙara ba. Wata ta ce ƙarfe ke nan, ba ya ƙarya. Kawuna suka hau gyaɗawa. A cikinsu akwai masu goyo, akwai 'yan mata suna saurare.

Tamba ta ajiye buta. Tunda take ba ta taɓa fitowa daga ɗakin wanka ta faɗi abin da ya wuce kalmominta biyu ba. Ta tsaya a tsakiyar gidan da hannu a jiƙe.

"Ni na wanke ta, ku ji daga bakina. Ba wuƙar da ta taɓa Baiwa, ko tsaga ɗaya babu a jikinta. Sanda ta nuna min abin ga, bai kai ƙwayar wake ba, an ba ta takarda ta tai asibiti. Ni na amshe takardar na rufe a langa. In kuna neman abin da ya ci ta, ga ni tsaye."

Sai tsohuwar nan ta ce Allah sarki, zafin rashi ne, a kama ta a zaunar. Wata ta ce kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa, wanda kuma gaskiya ne, ba wanda ya musa, sai dai mun iya ɗauko gaskiyar nan mu rufe duk abin da ba mu son kallo. Aka kawo mata ruwa, aka ci gaba da karɓar gaisuwa.

Tamba tana nan a Nasarawa, tana auna shinkafar da take sarowa a hannun wasu. In an aiko tana ɗaukar jakarta, in ta fito amsarta ga kowa ba ta canja ba. Amma yanzu in mace ta zo awo ita kaɗai, takan riƙe mudun ta tambaye ta yaushe rabon da ta shafa ƙirjinta, ta ce in tana so su shiga daga ciki ta nuna mata yadda ake yi. Wasu suna shiga. Da yawa sukan ja mayafi su ce Allah Ya kiyaye, hannun da ke wanke gawa ba zai taɓa su da rai ba, har akwai waɗanda suka sauya wurin awo. Cikin matan da suka cika gidan Hodi ran nan, mutum ɗaya ce ta biyo ta Birnin Kebbi bayan sadakar bakwai, wata mai goyo, ta ce akwai abin da take so a taɓa mata. Tamba ta taɓa, ta yafa mayafi, ta raka ta asibiti a ranar, ko mudun ba ta tsaya kifewa ba.

Langar tana nan a ƙasan jere. Nazifa ta taɓa ɗauko ta za ta zuba miya, uwar ta ce ta mayar, ta ɗauki wata.